Idon Rauda

Kusada, watan Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Abdullatif da ƙananan yara, da zafin Dohar nan taku. Mu ma zafi muke sha, azahar ba a iya taka ƙasa. Ƙafata da sauƙi, kada ki sake aiko da wani magani, wanda kika aiko ma ban shanye ba.

Na ga hotunan makarantu ukun da kika turo, kika ce in zaɓa wa Rauda tunda ni tsohon hedimasta ne. Haulatu ke nan! Ki zo ki ɗauke mani yarinya, kuma ni za ki sa in nuna maki ƙofar da za a fitar da ita. Tun da kika kawo ta yaye ta zauna, marigayiya mahaifiyarki Ma'u ta raine ta, yau tana shekara tara. Tun rasuwar Ma'u kuwa daga ni sai ita a gidan nan. Amma ɗiyarki ce, ban isa in hana ba.

To, ga ra'ayina. Mai tsarin Amurka ki ajiye ta gefe, ban san kansa ba. Biyun masu manhajar Ingila, waccan mai tafkin ninƙaya kyau ne kawai ya ruɗe ki, yara sun yi yawa a aji. Ki ɗauki ƙaramar, wadda kika ce 'ya'yan baƙi ma'aikata irinku ne suka cika ta, ana koyar da Larabci da addini, kuma akwai malama ta musamman ga yaron da Turancinsa bai nuna ba. Idan aiki ya mai da ku wata ƙasa gobe, karatun iri ɗaya za ta tarar.

Kin ce za su gana da ita ta kwamfuta kafin su ɗauke ta. Nan waya ba ta kamawa sosai, zan kai ta Kankiya shagon abokina Dabo.

Ki gaida kowa.

Mahaifinki,
Malam Sada

Kusada, watan Mayu

Haulatu,

Sallama da fatan alheri. Ina gajiyar aikin asibiti? Ruwan farko ya sauka, an fara shuka wajen Kaikai.

Kin ji sakamako daga bakinsu, bari ki ji yadda aka yi daga bakina. Mun je Kankiya, Rauda ta sha sabon hijabi. Wata Baturiya daga makarantar ta bayyana a kwamfutar, mace mai fara'a, ta gaishe ta. Sai Rauda ta zame daga kujera ta durƙusa har ƙasa, yadda kakarta ta koya mata. Matar nan ba ta ganin komai sai bayan kujera da kalandar Dabo! Ta yi ta kiran sunanta, ta zaci layi ne ya yanke. Da na ɗago ta kuwa, kanta na sunkuye, idonta na kan yatsunta. Duk tambayar da aka yi mata ta san amsarta, wallahi ta sani, ni na koyar da ita. Amma a hankali take amsawa, kamar mai magana gaban surukai. Ko sau ɗaya ba ta dubi matar ba.

Shi ne suka rubuto maki wai ba su tabbata tana fahimta ba, wai a sake gwadawa wata mai zuwa. Oh, duniya! Tarbiyyar da Ma'u ta ɓata shekaru tana yi, ita ce yau ta zama ciwo.

Ba zan ɓoye maki ba, a motar dawowa daɗi na ji. Har tsire na saya mata a bakin titi. Dabo ma cewa ya yi in bar abin haka, Allah ne ya dube ni, in ta sake faɗuwa shi ke nan ta zauna. Na kwana biyu ina juya maganarsa. Sai na shiga ɗakinta neman tsintsiya, na tarar ta liƙa hoton ɗakin karatun makarantar a bango, saitin filonta. Ba ta taɓa ce mani tana son tafiya ba, kunyata take ji.

Ki ce masu mun amince da gwaji na biyu.

Mahaifinki,
Malam Sada

Kusada, watan Yuni

Ɗiyata Haulatu,

Ina yi maki fatan alheri, ke da iyalinki. Gero ya fito, mun yi noman farko.

Na buɗe makaranta a gidana, ɗaliba ɗaya, darasi ɗaya: duban ido. Kullum bayan la'asar sai in zauna kan kujera a rumfa, ita ma kan kujera, ba tabarma ba, in yi mata tambaya da Turanci. In ta sunkuyar da kai sai in buga faranti da cokali. Ranar farko kuka ta yi, ta ce Inna, wato kakarta, ba za ta ji daɗi ba. Na ce mata Inna ta koya mata ladabin garinmu, ni kuma zan ƙara mata na wani gari, ba a zubar da ɗaya don ɗaukar ɗaya. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, amma ni kaina ban tabbata ba.

Unguwa ta ɗauka. Gwaggonki Salma ta zo takanas ta ce na tsufa na rikice, ina koya wa ɗiya mace tsaurin ido. Mai kawo mana nono ma ta yi ƙorafi, wai yarinyar ta tsare ta da ido tana awo har ta rasa ludayi nawa ta zuba. Na yi dariya, rabona da dariya irin wannan tun Ma'u na da rai.

Abin da ban shirya masa ba, Haulatu, ashe ban taɓa ganin idon yarinyar nan sosai ba. Shekara da shekaru saman kanta nake gani. Idon mahaifiyarki ne sak, har ɗan maƙewar nan in za ta yi murmushi. Ranar da ta iya dubana har na gama tambaya, ni na manta abin da zan tambaya na gaba.

Jiya aka yi gwajin. Ta zauna daram, ta gaida matar, ta dube ta, har ta ba ta labarin akuyarta. Sun ɗauke ta. Kin riga kin sani, amma ina so in rubuta da hannuna don in yarda.

Mahaifinki,
Malam Sada

Kusada, watan Agusta

Haulatu,

Assalamu alaikum. Na ji sun sauka lafiya, alhamdu lillahi. Ki yi wa Abdullatif godiya, ya yi ƙoƙari da ya zo da kansa.

Kin tambayi yadda nake. Lafiya lau, sai shiru. Salma na aiko da tuwo, ina ci. Akuyar tana kuka bakin ƙofar ɗakin, na rasa yadda zan yi mata bayani. La'asar ce ke ba ni wahala. Kujeru biyun suna nan a rumfa yadda muka bar su, na kasa ɗauke ɗaya.

Na raka su tashar Kankiya inda suka hau motar Kano. Yayyafi ake yi. Da direba ya fara kira, Rauda ta durƙusa gabana cikin taɓo, yadda kakarta ta koya mata, ta ɓata sabuwar rigarta. Sannan ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, yadda na koya mata, ba ta ƙifta ba. Haulatu, ni ne na kasa. Ni da na yi ta buga faranti, na sunkuyar da kai ina kallon takalmana har motar ta tashi. Ban ga tafiyarta ba, ƙarar kawai na ji.

Ga roƙona. Na san ɗiyar fari ce, kina jin nauyin kiran sunanta, haka aka raine ki. A nan ni da mahaifiyarki muke kira, to a can babu mu. Ki daure ki riƙa kira. Kuma in kina yi mata magana kika ga ta tsare ki da ido, kada ki tsawata mata, ba rashin kunya ba ne. Ni na koya mata, kuma da tsada na koya. Ki dube ta ke ma, za ki ga wadda kike kewa.

Allah ya yi maku albarka, ya ba ta ilmi mai amfani. Ki ce mata gero ya fara fitar da kai.

Naki mahaifi mai kewarku,
Malam Sada