Tsagar da Ke Cikin Yaƙutu

Talata, 14 ga Mayu

Zuwa ga uwar 'ya'yana, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata, sanyin idona.

Ban manta dariyar nan ba. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, amma har yau ina jin ta. Muna sabon aure na kawo miki zobe mai jan dutse, Yayarki ta karɓa, ta goga shi a bakin taga ya karce, ta ce, “Ƙanena, ashe fasasshiyar kwalba ma ana yi mata zobe?” Dariyarta ba ta dame ni ba. Taki ce ta dame ni, ko da yake kin rufe baki da gefen mayafi. Ban sake ganin zoben a yatsanki ba, ban kuma tambaya ba.

Tun da kika tafi taya babbar 'yarmu rainon jariri, gidan nan ya zama ɗakin jira. An ce yaron har ya fara tafiya. Ke ce dai ba ki fara ba. Sai na ce bari in rufe bakin tsohon zancen, ko zai jawo ki gida. Auta ta nuna mini wani shago a waya, na zaɓi yaƙutu na gaske, ja kamar garwashi idan an hura shi, kamar leɓenki a shekarun da kike saka jambaki domina. Aka kawo shi cikin ƙaramin akwati mai laushin ciki.

Kin san mijinki. Rayuwata duka a maɗaba'a na ƙare ta, ina farautar kuskuren wasu, har kika laƙaba mini Malam Jan Biro. Na ɗauko gilashin da nake duba ƙananan haruffa da shi, na zauna bakin taga, na runtse idon dama kamar yadda na saba. Sai ga wata tsaga siririya kamar gashi ta ratsa dutsen daga sama zuwa ƙasa.

Na ba Auta ta duba. Ta juya shi, ta haska da fitilar waya, ta ce, “Baba, wallahi tas yake. Kai ko aljanna aka kai ka sai ka ce an manta waƙafi.” Na tura wa mai shagon hotuna. Ya amsa da ladabi, wai ba ya ganin komai, amma idan raina bai kwanta ba in mayar. Na rubuta masa doguwar wasiƙa a kan gaskiya da amana, har na gyara masa kurakurai biyu a cikin amsarsa. Yaya zan kawo miki abin da za a sake yi wa dariya? Wane fure ake miƙa wa masoyiya da tsutsa a ciki? Na naɗe akwatin na mayar.

Ran Juma'a da kika kira ni ta bidiyo don in ga jikanmu, rana tana dukan fuskar wayar, sai na runtse idon dama. Tsagar nan tana nan. Ta sauko ta goshinki, ta bi gefen hancinki, ta raba bakinki biyu. Na kalli bango, ga ta. Na kalli tafin hannuna, ga ta. Kika ce, “Malam, lafiya kake ƙifta ido kamar mai zawarci?” Na ce lafiya lau.

Jiya likitan ido ya saka mini magani, ya haska. Daga baya ya ce wani abu ne ya yage can bayan idon, kuma da tun farkon ganin tsagar na zo, da an ɗinke. Makonnin nan kuwa ina fama da mai shago.

Ba tausayi nake nema ba, ya farin watana. Ba na kuma cewa ki dawo, don na gaji da roƙon abin da ba a ba ni. Ina sanar da ke ne kawai, kamar yadda ake sanar da mai gida cewa rufi ya fara yoyo. Kujerarki tana inda kika bar ta. Ban taɓa duban wata ba lokacin da nake da ido biyu, kin ga yanzu ma ba sai na rantse ba. Idan kin zo, ki zauna ta hannun damana. Idan ba ki zo ba, ƙofar ma ta dama take, zan ci gaba da kallon ta har a rufe mini ɗayan.

Naki har ƙasa ta rufe ni,
Malam Jan Biro

Na manta ban faɗa ba. Na sa Auta ta tambayi mai shagon ko dutsen yana nan. Ya ce an duba shi ba a sami komai ba, wani ya saya wa matarsa. Idon hagu kuma ba zai dawo ba.