Tarin Baba a Cikin Faifan Keziah

Knoxville, Tennessee
Watan Disamba

Zuwa ga Yayana Lucius,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka. Ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Corliss da duk mutanen gidan. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raba ka da ciwon gwiwar nan, ya kuma tsare ka daga sanyin Alaska da ka zaɓar wa kanka ba wanda ya aike ka. Mu nan lafiya lau. Hawan jinin maigidana Wendell ya sauka, ya koma fama da tsohuwar motarsa da ta fi shi taurin kai. Mama kuwa jikinta da ƙarfi, ma'aikatan gidan kula da tsofaffin suna yabon cin abincinta. Amma sauran ka san shi. Tun bazarar bara ba ta kira sunana ba. Duk Lahadi bayan coci ina zuwa mata da wake da burodin masara, in gyara mata gashi, ita kuma ta yi mini godiya da "baiwar Allah", kamar wata baƙuwa mai kirki. Ba abin da nake roƙon Allah kamar in ji ta ce "Netta" ko da sau ɗaya ne kafin ta bar mu.

Takardarka ta iso, na ga faya-fayen waƙar da ka zaɓa na bana. Tunda ka tafi ba mu taɓa fasa wannan al'ada ta ƙarshen shekara ba, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa abin da ya zauna masa a kunne, don haka ga nawa. Sai dai ina gaya maka tun yanzu, bana ba da zuciyar alƙali nake rubutu ba. Ƙyashi ne fal a cikina, Yaya, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da Orrin, in sauke shi daga wuyana. Ka tuna shi, dogon nan mai jita da muka yi ƙungiya tare muna yawon kiɗa a shagunan shan kofi, wanda Baba yake cewa in iska ta taso sai an ɗaure shi da turke. To ya fitar da sabon faifai, irin na masu zaman kansu, ba kamfani ba kowa, a ɗakin ajiyar motarsa ya naɗa. Na saya ne don in yi dariya. Har yanzu yana waƙa kamar wanda aka tasa daga barci, kalmomin suna maƙalewa a gemunsa, rabin waƙoƙin kuma a kan matar da ta bar shi ne, wadda ni na san ta yi daidai. Amma akwai wata waƙa a tsakiya, shi da tsohon fiyano da ba a gyara sautinsa ba, yana ba da labarin kwashe kayan ɗakin mahaifinsa. Sai da na ajiye wanke-wanken da nake yi na zauna. Mutumin da ni na koya masa yadda ake shiga amshi! Gidan rediyon jami'a kullum sai sun sa shi. Da muka haɗu a kasuwar manoma ya tambaye ni wai na ji kuwa, na ce masa ban samu lokaci ba tukuna. Allah ya yafe mini, a lokacin na haddace ta.

Na biyu shi ne nawa, wanda na aiko maka, ka kuma yaba da irin yabon da yaya ke yi wa ƙanwarsa. Abin da ban gaya maka ba shi ne dalilin yin sa. Likitar Mama ce ta ce mini masu irin ciwonta sukan manta fuska su manta suna, amma waƙar ƙuruciya tana daɗewa ba ta fita ba. Sai na tuna kaset ɗin nan da Baba ya naɗa a baranda muna yara, shi da banjonsa mai kama da gurmi, waƙoƙin mutanen tsauni da ya koya wurin kakarsa. Ka san halin kaset ɗin: shuuu kamar ana soya kifi, Baba na tari, ƙofar raga na ƙara, kare na haushi, yara na surutu. Na ce a raina waƙoƙin nan sun fi ƙarfin wannan hayaniya. Na zauna na koye su ɗaya bayan ɗaya, na shiga situdiyo, na rera su tsaf da banjon Baban kansa, na sa masa sababbin tsirkiyoyi. Ko numfashina ya fito da ƙarfi sai in ce wa mai naɗin ya goge. Shekara guda cur ina wannan aiki. Ya fito fes, Yaya, kamar farantin da ba a taɓa ci a ciki ba, kuma na yi alfahari da shi. Nufina in kai wa Mama ranar Bikin Godiya na watan Nuwamba, ta ji waƙoƙin mijinta a bakin 'yarta, ko Allah zai sa ta dube ni ta gane ni.

To, sai na uku, na 'yarka. Keziah ta zo gidana wajen bikin Ista, ta ci ta sha, ta ce wai Gwaggo ki ara mini kaset ɗin Kaka mana in kwafa. Na ba ta, har da yi mata gori wai me masu gambarar zamani za su yi da banjo, ku da ba ku san kiɗa ba sai dukan da ke girgiza gilashin mota. Ta yi dariya ta ce wai Gwaggo ke dai kawo, tsufa ne ke damunki. Ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Faifan hip-hop ɗinta ya fito a lokacin kaka, na san ka ji, na san kuma kana can kana hura hanci a wurin aiki. Ni a mota na saurare shi, na shirya tsaf don in tsinci aibu. Na samu kaɗan: bakinta ya yi sauri a waƙoƙin farko har ba na kama rabin zancen, akwai kuma kalmomin da in Mama na cikin hankalinta sai ta wanke mata baki da sabulu. Amma yarinyar nan ta iya zance. Yadda take jera magana a kan unguwarmu da aka rushe aka yi titi, da aikin kantin da take yi, da kewarka, sai ka ce tana zaune kusa da kai tana ba ka labari. Ban so in ji daɗinsa ba, na ji.

Sai waƙar ƙarshe, wadda ta sa wa suna "Abinci Zai Huce". Ka san yadda suke yi, su yanko ɗan guntun tsohon sauti su yi ta maimaita shi har ya zama kiɗa. To ita ba waƙar Baba ta yanko ba. Duk abin da ni na zubar, shi ta tsince. Bugun ƙafar Baba a katakon baranda shi ne gangarta. Tarin nan nasa na taba, shi ke faɗowa a ƙarshen kowane layi. Ƙarar ƙofar raga tana ciki, har da muryar Mama daga kicin tana ƙwala masa kira cewa abinci zai huce. Banjon ma da tsatsarsa ta bar shi. Na tsaya a bakin titi na kashe mota. Abin da ya fara zuwa mini ba hawaye ba ne, haushi ne. Uban wa? Ni na san mutumin nan, ni na yi jinyarsa, ita ko ganinsa ba ta taɓa yi ba. Ga shi jaridar gari ta buga hotonta, matasa na tare ni a coci wai ashe ke ce gwaggon Keziah. Shekara talatin ina waƙa a garin nan, yau na koma gwaggon wata. Wendell ya ce mini wai hassada ga mai rabo taki ce, na ce ya je ya ji da motarsa.

Duk da haka na riƙe abu ɗaya a raina: ta ci jarida, ta ci rediyo, amma Mama tawa ce. Me tsohuwa mai shekara tamanin da ɗoriya za ta yi da gambara?

Ranar Godiya muka je gidan tsofaffin, ni da Wendell da Keziah, da naman talotalo da dankali mai zaƙi. Mama tana zaune bakin taga da bargonta a cinya. Bayan ta ci na kunna mata faifaina, na durƙusa kusa da kujerarta na riƙe hannunta. Ta saurara cikin ladabi irin na coci, tana ɗan gyaɗa kai. Da waƙa ta biyu ta ƙare sai ta ce wai matar nan tana da murya mai daɗi, 'yar wace coci ce? Na ce ni ce, Mama, waƙoƙin Baba ne. Ta ce to madalla, sannan ta roƙi a rage sautin don tana son ta ɗan runtsa. Aikin shekara guda ke nan, Yaya. Na tashi na shiga tattara kwanuka don kada a ga fuskata.

Keziah ba da mugunta ta yi ba, wannan zan shaide ta. Ganin yadda na yi ne ya sa ta ce wai Gwaggo ko in gwada nawa, ba don komai ba. Na ce mata ta gwada mana, ai gidan ba nawa ba ne. Ta ciro wayarta ta sa waƙar ƙarshen nan, ta ajiye a kan bargon. Bugun ƙafar ya fara, Mama ba ta motsa ba. Da tarin ya fito sai ta buɗe ido. Da ya sake fitowa sai ta miƙe zaune, ta nuna wayar da yatsa, ta kira sunan Baba ta ce wai Amos, ba na hana ka tabar nan ba, so kake ka mutu ka bar ni da yara? Da muryarta ta da, Yaya, mai kaifin nan da ke tsayar da mu daga ƙarshen layi. Da ta ji kanta tana kiran abinci sai ta yi dariya ta ce ai kullum haka yake, sai ya huce zai shigo. Wendell ya cire hularsa. Keziah ta toshe bakinta da hannu biyu.

Akwai abin da ban lura da shi ba duk saurarona a mota, don haushi ya toshe mini kunne. Can ƙarshen waƙar Keziah ta yi shiru, ta cire gangar, ta bar kaset ɗin shi kaɗai. A bayan banjon akwai wata ƙaramar yarinya tana bin Baba da waƙa, ba ta san kalmomin ba, muryar tana karkacewa, tana ihu kawai don a ji ta. Ni ce, ina 'yar shekara bakwai. Lokacin da nake koyon waƙoƙin, wannan muryar ce ta fi ba ni kunya, nakan matsa gaba in wuce ta. Mama ta sunkuya kan wayar, fuskarta ta yi haske, ta ce: "Netta! Sauko daga kan katangar barandar nan kafin ki karye."

Ta faɗa, Yaya. Abin da na yi shekara da rabi ina roƙo. Na saki kwanon da ke hannuna, na durƙusa gabanta, na ce na sauko, Mama, ga ni nan, ga ni. Ta ɗago ta dube ni sosai, ta dafa kafaɗata a hankali, ta ce: "Baiwar Allah, ɗan yi shiru mana, 'yata tana waƙa."

Na yi shirun. Muka saurari yarinyar har ta gama, Mama ta tafa mata, ta ce a sake. Sau nawa aka sake ban sani ba.

To ga faya-fayena na bana, kuma in ka tambaye ni wanda ya fi, na 'yarka ne, ba kusa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai ban zaci jikar za ta tsere wa 'yar ba. Kada ka gaya mata na faɗa, kanta ya riga ya yi girma. Ƙyashin Orrin zai wuce, na Keziah ma na san zai wuce, don da muka fito ta rungume ni a wurin ajiye motoci tana kuka tana ba ni haƙuri, ni kuma na kasa ture ta. Wanda ban san yadda zan yi da shi ba shi ne ƙyashi na uku. Yanzu duk Lahadi da faifan Keziah nake zuwa, nawa yana cikin aljihun mota. In kunna, in zauna a gefe, in ji uwata tana kiran sunana da duk ƙaunar da ke cikinta, tana kallon waya. Yarinyar nan ta cikin kaset ba ta iya waƙa ba, ko kalmomin ba ta sani ba, amma ita ke da Mama. Ni mai kawo wake ce.

Ka yi ƙoƙari ka zo kafin bazara. Akwai inda ake jin wani yaro yana kiran kare a kaset ɗin, na ce wa Keziah ta yanko maka shi ta ajiye, wataƙila kai ma ka samu a kira ka.

Ka gaishe mini da Anti Corliss da kyau, ka ce na gode da kifin da ta aiko. Ka gaida Dashiell da matarsa Noreen da jaririyarsu, Allah ya raya ta. Wendell yana gaishe ka, haka ma Kawu Booker da Inna Maybelle, waɗanda kullum sai sun tambayi ranar zuwanka. Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Vernetta, wadda Mama ke kira Netta in ba ni take kallo ba