Ƙarfen da Ya Faɗo Gonata

Ƙanena Ɗanmalam,

Ina gaishe ka, kai da Mardiya da yara. Shekara goma sha tara ina aiko wasiƙa, ko ɗaya ba ku amsa ba. Har yau kuna kan bakanku cewa ni na kira ƙarfen nan da ya faɗo gonata, har kuka daina cin abinci kwano ɗaya da ni, na bar gari.

Lafiyata ƙalau, ina nan ƙasar waje ina gadi a unguwar Ma'adi. Tari ne dai ya ƙi sakina, ma'alish, ba komai, tsufa ne.

To, ka ji. Marta, ɗiyar maigidana, ta nuna mini a waya yadda ake harba kumbo zuwa duniyar Mars. Rokar da ke ɗaga shi sau ɗaya take aiki. In mai ya ƙare sai ta ɓalle, gutsattsarinta su zubo, wani a teku, wani a gonar talaka. Na ga tulun ƙarfe a jikin rokar, sak wanda kuka binne a gindin gawo kuna kabbara. Ka tuna yadda yake kuka kamar mace in iska ta busa bakinsa? Tun da na ga hoton, kukan ya dawo kunnena, da rana tsaka, har cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Ku tono ƙarfen, malamin makaranta ya karanta rubutun jikinsa a gaban liman. Ba zan shiga kabari da sunan maye ba. Allah ya raya zuriya. Ɗanmalam, wannan karon don Allah wani ya amsa mini: za ku tono ko kuwa?

Yayanka,
Zainulabideen