Akori-kurarka ta haye Dosara

Daga Babban Injiniyan Dam na Bakolori zuwa ga Malam Sani a Ikko.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina baƙunta? Yaya Hajara da yara? Inna lafiya lau, ƙafar ma da sauƙi.

Albishirinka! Akori-kurarka ta daina ba mu kunya. Da, in anka loda mata duwatsu sai ta cije a hawan Dosara, har ɗan kwangila ya ce zai sallame mu. A Mafara munka sami aksul biyu, wato ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Makaniki ya yi alama da farar ƙasa, muna juya tayoyin zagaye ɗaya, yana ƙirga juyin mahaɗin farfela, inda ƙarfin inji ke shiga aksul. Ɗaya bai kai huɗu ba, ɗayan ya kusa biyar. Ya ce, “Wancan na gudu ne. Wanga mai biyar jaki ne, sai dai shan mai.” Munka ɗauki jakin. Jiya ta haye da cikakken lodi, leburori na ta ihu!

A sa mu a addu'a. Ka gai da Kawu Bello.

Af, zauna abinka, Yaya, injiniyan ƙanenka ne, Ɗanjuma mai sa wa taya weji in mota ta cije. Yanzu ko wejin ba a nema, sai ka sa a koya mini tuƙi.