Ni Kaɗai Na Ɗaga Sandar

Daren Laraba, ƙarshen kaka

Kafaɗata kamar an kirɓa ta a turmi. Yau na ɗora kwale-kwalena a amalanken shanu na kai bakin dam, tare da doguwar sandar itacen turare da na ɗinka wa buhunan taki don iska ta riƙa tura jirgin. Ɗaga ta ba aikin mutum ɗaya ba ne. Yaya Garba ya yi mini alkawari, da safe ya aiko wai ƙugunsa na ciwo. Ni da ban taɓa fashin gayyar gonarsa ba!

Haka na cusa gindinta a ramin katakon jirgin, na rataya igiya a reshen darbejiya, na yi ta ja. Ta kuɓuce ta maka mini a kafaɗa kafin ta miƙe. Masu wankin babur suna ta dariya, babu wanda ya matso.

Da yamma ina kwantar da ita a hankali, igiya na cin tafina, sai ga Yaya a kan keke, ƙugu ya warke.

"Sannu da aiki, Audu. An samu karfasa? Yara na jiran miya."

Na ba shi. Har manyan na zaɓar masa. Abin da ya hana ni barci ke nan, ba kafaɗar ba.