Jan Murfi a Ƙarƙashin Kofi

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ki gaishe min da Hajiya idan tana amsa gaisuwata.

Kayana sun iso lafiya. Ƙanenki ya yi ƙoƙari, ko tsintsiya bai manta ba. Da haka yake kula da abin da ke cikin gida tun da fari, da ba mu kai ga takardar saki ba.

Alfarma ɗaya nake nema. A ƙarƙashin gadon Mitsitsi akwai kwalin ƙwai, da murafen kwalba biyar, da kofin roba. Ba shara ba ne, wasan lissafinmu ne. Tana jera murafen a ramukan kwalin tana ƙirgawa. Sai ki kife kofi a kan ɗaya, ki ce saura nawa? Idan ta amsa, ki ɗaga kofin ki ce, “Ga shi nan, bai tafi ko'ina ba.” Don Allah kada ki tsallake wannan.

Ki huta lafiya.
Maman Mitsitsi

*

Maman Mitsitsi,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Hajiya ma ta amsa, da ka.

Ke da bokonki! Saura ƙiris Hajiya ta hura wuta da kwalin, da ƙyar na ƙwace. Ta ce duk digirin naki a bola ya ƙare? Baban Mitsitsi ma ya sayo mata waya mai wasanni, ko kallonta ba ta yi.

Ashe kowane murfi da mai shi: Baba, Hajiya, Goggo wato ni, ita kanta, ja kuma ke ce. Kullum jan take kifewa, ta ɗaga, ta ruga ƙofar gida ta leƙa. Hajiya ta ce wannan wahalar da yarinya ne, a daina ɗagawa. Na ce wa Mitsitsi, abin da aka cire an cire ke nan, haka lissafi yake. Ta yi kukanta ta gama. Yanzu kafin ki rufe baki ta ce huɗu. Kanki ta ɗauko wallahi.

Ki kwantar da hankalinki.
Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa.

Na taya ku murna. A jami'a an koya mana cewa yaro yana daɗewa kafin ya fahimci ɗebewa. Ashe rashin ƙwararrun malamai ne irin na gidanku.

Ban ce ki kawo ta ba, na san ba ki da wannan ikon. Ban ce ki saɓa wa Hajiya a gabanta ba. Kofin roba ne, Yaya, ko nauyin cokali bai yi ba. Ki ja ta ɗaki, ki ɗaga sau ɗaya, ki faɗa mata abin da na ce. Ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan.

Allah ya bar zumunci, wanda ya rage.
Maman Mitsitsi

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum.

Na ja ta ɗaki, na ɗaga, na faɗa mata. Ba ta leƙa ƙofa ba. Ta karɓi kofin a hannuna ta mayar da shi kan jan murfin, ta danne da tafinta. Ta ce, “Goggo, kin ɓata lissafin. Huɗu ne.”

Ki yafe ni.
Yayarki