Na ce mata kar ta yi kuka, ta kuwa daina

Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara, raina a jagule yake.

Yayana ya rasu bara a Malabo, can yake sana'ar walda, ya bar 'yarsa ɗaya, Nuriya, shekararta shida. Uwarta 'yar can ce, da ƙyar ta yarda aka kawo mana ita Lafia, da sharaɗin in yarinyar ba ta ji daɗi ba a mayar mata. Nuriya ba Hausa ba Turanci, sai Sifaniyanci. Ni kuma ga shago ga girki, sai na buɗe waya na haddace abin da na ga ya fi gaggawa: no toques kar ki taɓa, no corras kar ki yi gudu, no llores kar ki yi kuka. Na ƙarshen na fi faɗa, don da ta fara kukan babanta sai Inna, mahaifiyarmu, ta kama nata, hawan jininta ya tashi. Ni a ganina rarrashi nake yi, yadda muke ce wa mai makoki ya yi haƙuri.

Ranar kasuwar Agyaragu muka hau mashin, ashe wajen sauka salansar mashin ɗin ta ƙone Nuriya a ƙauri. Wallahi ko uffan ba ta ce ba, ta ja doguwar safa ta rufe. Sai da wurin ya fara wari na gani. Da na kai ta asibiti, nas ta wanke ni tas, wai wace irin uwa ce ni. Ana kankare ciwon, yarinyar nan ta cije leɓe tana kallona, ita da kanta take ce wa kanta no llores. A ranar na rasa inda zan sa kaina.

Yanzu uwarta na kira ta bidiyo kowace Lahadi. Maigidana ya ce a nuna mata fuska kawai, ciwo zai warke. Inna ta ce in aka ɗauke Nuriya an sake binne mata ɗa. Ni kuma na san in uwar ta ga ƙafar nan, sai ta karɓe 'yarta, kuma tana da gaskiya.

In faɗa mata ko in yi shiru? Sannan in akwai mai jin yaren nan a cikinku, ya taimaka ya koya min yadda ake cewa: zo nan, yi kukanki.